Jar Gajere a Tsibirin Kwakwa

Tsibirin Kwakwa,
6 ga Nuwamba, 1982.

Zuwa ga uwar ɗakina Tabawa, a Bakura.

Assalamu alaikum. Gaisuwar ɗan mace ga ɗiyar namiji, a durƙushe nake yin ta, ko da yake ba ki gani. Yaya jiki, yaya ƙafar nan da ke tasar miki da sanyi? Yaya ɗanki Isa da iyalinsa? Mu nan lafiya lau, ni da Taibatu da yara, sai abin da ba a rasa ba.

Ki yafe mini shirun da na yi. Takarda daga nan sai ta hau kwalekwale zuwa Fatakwal, ta zauna a zango har Ɗan Asabe ya kawo shanunsa ya sayar, sannan ta hau tirela zuwa Mafara. Ke kuma sai ki ce bawanki ya yi ƙiba ya manta da ke.

Kin aiko a tambaye ni ko har yanzu akuya biyu nake yankawa kullum. An koma ɗaya, wata rana ma sai ta kwana. Masunta ne masu cin tsirena, su kuwa sun fara watsewa. Sun ce kifi ya yi nisa. Wanda da suke kamawa suna hangen hayaƙin gida, yanzu sai an yi tafiyar wuni. Mai inji ya bi kifi, marar inji ya kife kwalekwalensa ya tafi birni neman gadi. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina nan, kuma layin gidaje biyu da na tarar a bakin ruwa babu ko tushensu.

Ruwa dai ya zama ɗan gida. Tsofaffin garin sun ce da suna yara sai a yi shekara goma bai hau tudu ba. Yanzu duk ƙarshen damina sai ya zo gaishe mu. Bana har bayan ɗakina ya shigo, ya yi kwana uku a gwiwa, ya janye ya bar laka baƙa ƙirin. Wallahi da na taka ta sai na tuna fadamar Kaka Gajere, lokacin da Inna ke kawo ni Bakura da kaka, muna bin masu yanka muna kala, kina ɗora mini naki damin wai ai ni bawa ne.

Jar shinkafar Kaka tana nan kuwa? Jar Gajere nake nufi. Ta kanti ake dafa mini a nan, in ci in ji kamar na tauna auduga. Kewar gida ta dame ni, ba zan ɓoye miki ba.

Naki har kullum,
Sallau mai tsire.

Bakura,
18 ga Janairu, 1983.

Zuwa ga bawana Sallau.

Wa alaikumus salam. Tashi haka nan, na ga durƙuson. Ƙafa da sauƙi, Isa da mutanensa lafiya, suna gaishe ka. Ka gaishe mini da Taibatu, ka ce ina yi mata sannu da haƙuri da kai. Da hannuna na rubuta wannan, karatun yaƙi da jahilci bai tafi a banza ba. In ka ga layi ya karkace, a kan gwiwa na ɗora takardar.

Ka tambayi Jar Gajere, ka fama mini miki. Tun da aka datse gulbi a Bakolori ruwa bai ƙara malala fadama ba. Na sama, wajen Maradun, ruwa ya cinye musu gonaki, mu na ƙasa ya guje mu. An baje fadamar da katafila, an ratsa ta da hanyoyin ruwa da suke kira kanal, an ce ga irin da za a shuka, wata fara mai son taki. Tamu kuwa ka san halinta, ba ta son ruwan cokali. So take ruwa ya taso tana tasowa, ya kai ƙirji ta kai wuya.

Bara waccan na samu wani ɗan kwari na watsa ta, na tashi da ƙwarya ɗaya. Bara kwarin ya ƙafe, ban ma kuskura na fito da ita ba. Ƙwaryar nan ita ce ta rage, tana cikin tulu da toka. Na bi gida gida, na aika har Dosara, kowa ya dafe tasa. Iri kuma ba ya wuce damina biyu a tulu. In bana ba ta shiga ƙasa ba, ta bi Kaka. Isa cewa yake, “Inna, mi za ki yi da ita? Ki dahwa muna mu ci, zamaninta ya wuce.” Na ce masa ubana ya karɓa daga hannun ubansa, ba a hannuna za ta ƙare a tukunya ba.

Ina cikin wannan sai ga takardarka: ruwa a gwiwa kwana uku, laka baƙa ƙirin. Na ce Allahu Akbar, ashe ruwanmu wurin Sallau ya koma! Kai ɗan mahauta, kana kuka da abin da muke roƙo da hawaye. Wannan ai fadama ce Allah ya kawo maka har ƙofar ɗaki, ba ka gane ba don idonka na kan nama.

Ka share bayan ɗakin nan. In Ɗan Asabe zai sauko kafin damina zan ba shi irin. Ka watsa da ruwan fari, ka bar sauran ga Allah da ruwan da ke zuwa gaishe ku. Rabon da in yi barci mai daɗi irin na jiya har na manta.

Uwar ɗakinka,
Tabawa.

Tsibirin Kwakwa,
2 ga Maris, 1983.

Tabawa,

Sallama da gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Mu ma lafiya. Yau takardarki ta iso, a tsaye na karanta, a tsaye nake amsawa.

Don girman Allah kada ki aiko da irin nan. Laifina ne. Na zauna a nan har na manta cewa wanda ya tashi a bakin gulbi, in ya ji ruwa ya hau tudu, albarka yake hangowa. Wannan teku ce, Tabawa, gishiri ne zalla. Lakar da na yaba miki, in rana ta buge ta fari take yi kamar an barbaɗa kanwa. Ko ciyawa ba ta fitowa.

Tunda abin ya kai haka, bari in faɗi abin da na rage. Rogon maƙwabtana ruɓewa yake a ƙasa. Kwakwar da mu Hausawa muka sa wa tsibirin sunanta tana mutuwa a tsaye, kai ya faɗi ya bar gungume. Rijiya uku ce a garin, biyu sun zama zartsi. Mata na tuƙa kwalekwale zuwa tudun ƙetare don ɗebo ruwan sha, har da Taibatu, ita da ba ta iya iyo ba. Kullum ta fita sai in kasa yanka nama daidai har ta dawo. Watan jiya mutanen garin suka tone kakanninsu daga maƙabartar bakin ruwa suka mayar da su tsakiyar gari, tsofaffi na kuka kamar yau aka yi mutuwar.

Na ɓoye miki ne don kada ki ce in tattaro in dawo, alhali ku ma kuna fama da naku. Ki riƙe irinki. Ko a bayan gida ne ki gwada, ya fi nan sau dubu. Allah ya sa takardar nan ta riga Ɗan Asabe tasowa.

Sallau.

Bakura,
5 ga Afrilu, 1983.

Bawana Sallau,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali. Mu lafiya, sai zafi. Ban ji daga gare ka ba, na ce shiru ma amsa ce, wataƙila kana can kana sharar gona.

Ga amana nan a hannun Ɗan Asabe, cikin jakar fata, na ɗinke bakinta da kaina. Duka na juye maka, ko ƙwaya ban rage ba. Hatsi ya yi tsada a nan, jikokina kuma sun san inda tulun yake. Na ji tsoron ranar da za su yi kukan yunwa in kasa daurewa. Gara ta yi nisa da tukunyata.

Kada ka binne ta da zurfi. Kuma ka yi bisimilla, na san mahauci ba ya mantawa da wannan.

Tabawa.

Bakura,
16 ga Mayu, 1983.

Sallau,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Taibatu gaisuwa ta musamman. Lafiyata ƙalau, zuciya ce dai babu daɗi.

Ɗan Asabe ya dawo jiya. Ya ce da ya isa zango ya ba mai kwalekwale jakar, sannan aka miƙo masa takardarka ta watan Maris, wadda ta yi wata guda tana jiransa a can. Na karanta sau uku. Na ɗauki abin da ubana ya bar mini na aika da shi cikin gishiri da hannuna, har ina yi maka gorin ba ka san fadama ba.

Na yi fushi da kai kwana ɗaya. Ba don shinkafa ba. Matarka na ratsa ruwa don abin sha, kai kana rubuto mini wai ruwa na zuwa gaishe ku. Ni ce baƙuwar da za a yi wa fara'a a rufe ɗaki? Tare fa muka ci ƙasa.

Kada ka wahalar da kanka wajen maido ta. Kafin ta iso lokacin shuka ya wuce, kuma bana ko hadari ba mu gani ba tukuna. Ga abin da za ka yi: ka ba Taibatu ta surfe ta dafa, ka tara yaranka su ci, su san ɗanɗanon gidan kakan ubansu ko sau ɗaya. Ka ba maƙwabta, ku yi wa Kaka addu'a. In za ta ƙare, ta ƙare a cikin jininsa. Na haƙura.

Tabawa.

Tsibirin Kwakwa,
24 ga Yuli, 1983.

Uwar ɗakina,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ya ƙafa, ya damina, Allah ya sa ruwa ya sauka. Mu lafiya. Fushinki na karɓa hannu biyu, na amsa laifina.

Umarninki dai ya makara, bawa ya riga ya yi gaban kansa. Da jakar ta iso na buɗe na ji ƙanshin toka da tulu, sai na zauna a ƙasa. Na ɗebi tafi ɗaya na gwada a bayan ɗaki ko Allah zai yi ikonsa. Ta tsiro, kwana tara ta yi ja ta kwanta.

Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu, mai ƙyafe kifi. Nagode muke ce mata, don ita ce kalmar Hausa ɗaya da ta iya, ko faɗa take da kai da ita take rufewa. Ta gan ni ina tsugune kan matattun tsiron, ta tambayi Taibatu, aka ba ta labari. Sai ta ja ni bakin ruwa ta nuna mini kwalekwalen da masunta suka kife suka tafi, ta nuna sama. Nan na gane. Ƙasa ce ta lalace a garin nan, amma ruwan sama har ya yi mana yawa.

Uku muka jawo, ɗaya na mijinta ne marigayi. Na toshe ɓarakarsu da kwalta. Ƙasa kuwa daga tudun ƙetare muka ɗebo, duk macen da ta je ɗiban ruwa sai ta ɗoro mini kwando ɗaya, ni kuma in ba ta tsire. Na watsa iri, na jera garewani ƙarƙashin indararo. Kullum da safe ina ƙara ruwa yatsa ɗaya, don ta ɗauka gulbi ne ke tasowa. Ta yarda, Tabawa! Yanzu ta kai mini cinya, kore shar.

Garin duk dariya suke yi, wai Malam ya rasa nama ya koma kiwon ciyawa a jirgi. Amma da yamma sai ka ga tsofaffi sun zo sun zauna kusa da ita, sun ce sun daɗe ba su ga abu ya tsiro ba.

Abin da nake tsoro ƙarshen damina ne, lokacin da teku ke hawa. Ki sa mu a addu'a.

Sallau.

Tudun Ƙetare,
27 ga Nuwamba, 1983.

Uwar ɗakina Tabawa,

Assalamu alaikum. Ki fara da godiya ga Allah, dukkanmu muna raye, babu wanda ya yi ko ƙwarzane. Yaya ku, yaya kuka ƙare da farin bana? Labarinsa ya iso mu har nan. Kin ga sunan gari ya canza a saman takarda, ga dalili.

Ranar wata Alhamis cikin Oktoba, da hantsi, teku ta zo, ba irin zuwan da ta saba ba. Shinkafa ta riga ta yi ido ta fara sunkuyawa, na kwashe ruwan cikin jiragen don ta bushe. Kafin in ɗaure wando ruwa ya kai ƙugu. Taibatu ta kwashi yara suka hau tudun makaranta. Ni kuwa na tsaya tsakanin garken awakina huɗu da jirage uku, hannu biyu gare ni.

Na farko igiyar ruwa ta kife shi ina kallo. Na biyu ya cika da ruwan gishiri ya nutse a inda yake. Na uku, na mijin Nagode, sai na ga ya ɗaga yana lilo, shinkafa tsaye a ciki. Kwaltar da na sa don ta riƙe ruwa a ciki ita ta hana na waje shiga. Na kama igiyarsa. Ban san lokacin da tsohuwar nan ta iso ba, sai ganinta na yi a gindin jirgin da sandar tuƙi, tana yi mini tsawa da yarensu. Ita ta san hanya, ta kai mu cikin itatuwan da ke bayan gari inda igiyar ruwa ba ta da ƙarfi. Muka lulluɓe shinkafar da zanenta da rigata, muka riƙe reshe har la'asar.

Da na iso tudu Taibatu ta dube ni ta ce, “Malam, awaki sun tahi, ɗaki ya tahi, kai kana rungume da haki!” Sannan ta fashe da kuka ta riƙe ni a gaban mutane, abin da ba ta taɓa yi ba.

Gidaje goma sha tara suka tafi ranar, har da namu da na Nagode. Rijiya ta uku ma ta zama zartsi. Yawancin mutane sun bar tsibirin. Mu mun kafa rumfa a nan ƙetare, mun jawo jirgin da mu, a nan ta ƙarasa nuna. Da wuƙar fawa na yanke ta.

Gwangwanin madara bakwai na samu. Ɗaya na cika miki umarni da shi: Taibatu ta dafa, yara suka ci, Nagode ta ci, muka yi wa Kaka addu'a. Washegari tsohuwar ta tafi birni wurin ɗiyarta, ta ce jirgin ta bar mini. Mace mai shekara saba'in da ba ta taɓa kwana inda ba ta jin ƙarar teku ba. Gwangwani biyu na riƙe don baɗi. Huɗu ga su nan a jakarki ta fata.

Kin aiko ƙwarya, na maido gwangwani huɗu kacal. Ki yi haƙuri da bawanki, iyakar ƙoƙarinsa ke nan.

Sallau.

Bakura,
9 ga Janairu, 1984.

Ƙanena Sallau,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Barkanku da arziki, barka, barka. Allah ya mayar muku da abin da ruwa ya ci, ya saka wa baiwar Allah nan da alheri duk inda take. Mu mun sha fari, gero bai yi ba, amma muna nan da rai.

Da farko faɗa. Kai wane irin mutum ne? Da ruwan nan ya tafi da kai, in ce wa Taibatu me? In ce na kashe mata miji a kan ƙwaryar shinkafa? Kada ka ƙara. Na gama faɗan.

Ban yarda da idona ba sai da na gwada. Na ƙirga ƙwaya goma na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma na sa ƙarƙashin randa. Kwana huɗu na buɗe, takwas sun fito da farin haƙori. Na zauna a gindin randar na yi kuka har matar Isa ta zaci mutuwa aka yi.

Jiya na ɗingisa zuwa gindin kukar bakin fadama. Jiragen da muke shiga yankan shinkafa suna nan a kife tun shekarar da ruwa ya daina zuwa, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsu. Shekara biyar ina wuce su ina neman inda zan shuka. Na Baba na can ciki, gindinsa ya tsage. Isa, mai cewa a dafa, shi ya ɗauko shi a amalanke da kansa, yau ya tafi Mafara neman kwalta. Ruwa daga kanal za mu ɗebo, tulu tulu. Gwangwani biyu zan shuka, biyu su zauna, na yi hankali.

Yanzu ka ba ni amsa dalla-dalla, ban da wasa. Ƙasa yatsa nawa ka zuba? Ka sa taki ko ba ka sa ba? Kwana nawa da tsirowa ka fara ƙara ruwa? Ni ɗiyar manoma, jikar Gajere, yau ga ni ina tambayar mahauci yadda ake shuka shinkafa. Ka rubuto da wuri, malam, ɗalibarka na jira.

Yayarka,
Tabawa.